Motar Gwangwani Ta Baba Alhaji: A Shafa Mata Fenti Ko A Bar Ta Da Tsufanta?

A wannan wata mun ajiye maganar farashin albasa da ta kan iyaka, mun ɗauko wata magana wadda wani zai ce ta yara ce. To, ta yaran ce, amma manya masu gemu ne suka kwana uku suna gardama a kanta a nan Madekali, har aka aiko yaro ya kira mu daga lakwal bayan an tashi, wai mu zo mu raba su, tun da mu ne masu karanta rubutun Nasara.

Asalin abin ruwan sama ne. Rufin ɗakin wani dattijon unguwarmu, wanda kowa ke kira Baba Alhaji, ya fara ɗiga a tsakiyar damina, sai aka fito da kayansa tsakar gida don su sha iska. A ƙasan wata tsohuwar adaka, cikin ƙyallen saƙi, aka tarar da wata 'yar mota ta gwangwani, irin wadda ake murɗa wa makulli ta yi tafiya. Jikansa ɗan shekara huɗu ya gan ta, ya ɗora hannu a ka ya yi ta kuka sai an ba shi. Uban yaron, wanda abokinmu ne kuma ɗan kasuwar shinkafa, ya ce ai wannan mai sauƙi ce: ranar kasuwa zai tafi da ita Malanbil wurin mai fentin akwatunan amare, a goge tsatsar da sanfefa, a shafa mata ja, ta dawo sabuwa. Wani ɗan ƙanen Baba Alhaji da ya zo daga Kwatano ya ce kul, kada wanda ya taɓa ta, shi ya gani a waya Turawa na sayen irinta da kuɗi masu yawa. Shi kuwa mai motar bai ce komai ba ban da kalma biyu: "A bar ta." Aka tambaye shi dalili, ya ja carbinsa ya yi shiru.

Da muka karɓe ta, mun ga ba ta kai taƙi ɗaya ba. Safa ce shuɗiya, an zana mata tagogi, a kowace taga da fuskar fasinja, direba da hularsa. Tsatsa ta kama ta ƙasa wajen tayoyin baya. A bisa rufinta akwai wani wuri kamar faɗin kwabo inda launin ya goge sarai, ƙarfen ya fito yana ƙyalli. A ƙarƙashinta kuma akwai ƙaramin rubutu na Ingilishi mai cewa a Japan aka ƙera ta. Baba Alhaji ya gaya mana a Kumasi ya saye ta lokacin yana zaune a zango, kuma ta zo Madekali ne a ƙarshen 1969. Manyanmu sun san abin da wannan shekara take nufi. A watan Nuwamba ne gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, dubban Hausawa da Zabarmawa da Dandawa da Yarabawa suka kamo hanya da abin da kai zai iya ɗauka kawai. Mutumin da ya bar rumfa da gado da keke, amma ya sa abin wasa a cikin ƙunshinsa, ai ya kamata a tsaya a yi tunani kafin a sa masa sanfefa.

Ba fenti ne a jikinta ba

Abu na farko da muka yi ƙoƙarin fahimtar da abokinmu shi ne, abin da yake gani a jikin motar nan ba fenti ba ne irin wanda ya sani. Gwangwani fallen baƙin ƙarfe ne siriri da aka lulluɓe da kuza ciki da waje, irin kuzar da mutanenmu suka riƙa zuwa haƙa a Jos zamanin Turawa. Wannan lulluɓi bai ko kai kaurin ɓawon albasa ba, amma shi ne ke tsare ƙarfen daga ruwa. Duk inda aka kankare shi, to an buɗe wa tsatsa ƙofa, kuma wurin da aka karce yakan ci da sauri fiye da yadda mutum zai zata. Wato ke nan sanfefar da za a sa don a kori tsatsa ita ce za ta share mata fili.

Launin kuwa bugawa aka yi da inji, kamar yadda ake buga wannan jarida da ke hannunku. A 1875 wani Bature a Ingila mai suna Robert Barclay ya yi rajistar dabarar buga zane a kan fallen gwangwani. Ana buga shi ne tun yana shimfiɗe, kowane launi da nasa zagaye, a gasa shi ya kama, sannan a yanka, a matse shi ya ɗauki siffar mota, a haɗa gaɓoɓin da wasu 'yan kunnuwa da ake lanƙwasawa. Saboda haka gashin bakin direban nan da layin da ke wuyan rigarsa, babu burushin da zai iya mayar da su in sun tafi. Mai fentin Malanbil gwani ne a sana'arsa, mun ga furannin da yake zanawa a akwatin amarya, amma in an ba shi wannan mota abin da zai dawo da shi ƙulli ne na jan ƙarfe mai tayoyi huɗu. Su kuma 'yan kunnuwan nan, in ya miƙe su don ya buɗe cikinta, sau biyu ko uku suke jure lanƙwasa, daga nan sai su karye.

Jamusawa ne suka fara shahara da wannan sana'a. Kamfanin Märklin ya fara a 1859, na Lehmann a 1881, garin Nuremberg kuwa ya zama musu kamar yadda Kano take ga marina. Amma labarin da ya fi kama mu shi ne na Japan. A 1945, da aka gama yaƙin duniya na biyu, ƙasar ta zama kango, babu ƙarfe, babu abinci. Wani maƙerin kayan wasa mai suna Matsuzo Kosuge ya riƙa tattara gwangwanayen da sojan Amurka suka ci abinci suka zubar, yana wanke su, yana buɗe su, yana ƙera 'yar jif irin tasu. A watan Disamba na wannan shekara aka fara sayar da ita a wani babban kanti a birnin Kyoto, mutane suka yi ta rububi. Daga wannan juji sana'ar ta sake tashi, har kayan wasan Japan suka cika kantunan duniya a shekarun 1950 da 1960, ɗaya daga cikinsu ta faɗo kasuwar Kumasi. Bayan nan ne roba ta zo ta kore su, don ta fi araha kuma ba ta yanka hannu.

Namu na gida

Da muka ba su wannan labari sai abokinmu ya yi dariya ya ce, ashe Bajapane ma ɗan bola ne irinmu. Gaskiyarsa. Duk wanda ya yi ƙuruciya a bakin Kwara a shekarun 1980 ya san wannan aiki. Jirgin ƙasa a Paraku ya tsaya, daga nan sai a ɗora kayan Nijar a manyan motoci su biyo ta Kandi, su hau gadar Malanbil, su nufi Gaya da Doso da Yamai. In an tafi da mu kasuwa, idonmu ba ya kan fanke, yana kan waɗannan kamiyo masu taya goma, da Berliet, da Peugeot 404 bashe cike da buhuna. Mu dawo gida mu nemi gwangwanin madara da na tumatir da na kifi, mu buɗe su da tsohuwar wuƙa, mu daddaka da dutse, mu yi ƙashi da langa-langa ko waya, mu yanka tayoyi daga tsinkakken silifa, sannan mu sa dogon kara da zobe a kai ya zama sitiyari. Wanda bai sami gwangwani ba ya yi ta kara da tsinke. Akwai wani yaro a ajinmu wanda motarsa har juyi take yi ta zubar da yashi, kuma a lissafi bai taɓa haye rabi ba. Yau shi ne babban mai walda a wani gari da ba za mu faɗa ba, mu kuma muna nan muna jiran ƙarshen wata.

To, a nan ma maganar fenti ta shigo, kuma mu da kanmu mun yi wannan kuskure. Wata kamiyo da yayanmu ya ƙera tana nan a gidanmu har muka fara koyarwa. Wata shekara ana shirin bikin ƙarshen karatu, muka ga ta yi muni, muka shafe ta da ragowar shuɗin fentin ƙofa don mu nuna wa 'yan aji. Sai daga baya muka gane abin da muka binne. A jikin bodinta akwai sunan kamfanin tumatir da ba a kawowa yanzu, a ƙofarta akwai rabin hoton gwangwanin madara, kuma a ƙasa akwai inda yayanmu ya karce sunansa da ƙusa, da harufa biyu a juye. Da waɗannan ne za a san shekarar da aka yi ta, da irin abin da ake ci a gidajenmu a lokacin, da hannun da ya yi ta. Yanzu ta zama shuɗin gwangwani wanda kowa zai iya cewa jiya aka yi shi. Yayan namu kuwa ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Wannan ne ya sa ba mu yi wa abokinmu dariya ba. Mu mutane ne masu son sabuntawa. Kowace shekara sai an yi wa ɗaki yaɓe, a sake daɓe, a shafa farar ƙasa kafin Salla. Allo in ya cika wanke shi ake yi. Kwalekwale in ya tsufa a toshe shi a shafa masa kwalta. A wurinmu barin abu da tsatsa alama ce ta sakaci ko ta babu, kuma ba wanda ke son baƙo ya shigo ya ga haka. Wannan ɗabi'a ce mai kyau ga abin da ake aiki da shi kullum. Amma akwai abin da ya riga ya gama aikinsa, ya koma shaida, shi kuma shaida ba a gyara masa magana.

Yadda aka yi a Abome

Ba sai mun je Turai neman misali ba, a ƙasarmu yake. A fadar sarakunan Dahome da ke Abome, wadda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1985, akwai zane-zanen ƙasa masu launi da aka yi a jikin bango, masu ba da labarin sarakuna da yaƙe-yaƙensu. A 1988, da za a sake gina wani zaure na Sarki Glele, aka yanke waɗannan zane-zane daga bangon aka ajiye. Daga 1993 zuwa 1997 ma'aikatar al'adu ta ƙasarmu da cibiyar Getty ta Amurka suka yi aikin ceton guda 50. Da suka duba sai suka tarar an sha shafa musu launi, shafi bisa shafi, domin su ma mutanen Abome masu son sabuntawa ne kamarmu. Amma masu aikin ba su ƙara nasu shafin ba. Suka liƙe abin da ke ɓamɓarowa, suka toshe tsaga, suka tsayar da lalacewar. A jikin sabon ginin kuma masu fasahar garin suka yi wasu irinsu, da launi mai haske. Mai son ganin kyau ya ga sabo a bango, mai son ganin abin da hannun kakanni ya taɓa ya ga na asali. A Porto-Novo ma akwai makaranta guda, École du Patrimoine Africain, da aka buɗe a 1998 don koyar da ma'aikatan gidajen tarihi na Afirka irin wannan aiki.

Muka ce wa abokinmu, ka ga hanyar da za ta fisshe ka ke nan. Yaronka mota yake so, ba tarihi ba. A yi masa tasa.

Akwai kuma dalili na biyu wanda ya fi na farko nauyi, shi ne lafiyar yaron. Launukan da ake sawa a kayan wasa na wancan zamani sau da yawa akwai dalma a ciki. Amurka kanta sai a 1978 ta hana fenti mai dalma a gidaje da kayan wasan yara. Fentin mai da ake sayarwa a kasuwanninmu ma ba abin amincewa ba ne ido rufe, domin binciken da aka yi a ƙasashen Afirka da dama ya sami dalma mai yawa a cikin wasunsu, musamman ja da ruwan ɗorawa. Yaro ɗan shekara huɗu kuwa duk abin da ya riƙe sai ya kai baki. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babu wani ma'auni na dalma a jini da za a ce ba shi da lahani, kuma ƙwaƙwalwar yara take fara taɓawa. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga aikinta a 2010, lokacin da ta kashe yara fiye da 400. Can daga dakan dutsen zinariya ta fito ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce. Saboda haka ko an goge motar nan, ƙurar da za ta tashi guba ce, ko an bar ta, ba abin miƙa wa ƙaramin yaro ba ce, ga kuma bakin gwangwani mai tsatsa da ke yanka.

Maganar kuɗi

Ɗan Kwatano yana da gaskiya rabi. Akwai masu tara irin waɗannan kaya a Turai da Amurka da Japan, har a birnin Yokohama akwai gidan nuna kayan wasan gwangwani da wani mai suna Teruhisa Kitahara ya buɗe a 1986. Kuma dokarsu sananniya ce: wadda ke da launinta na asali, ko da ta karce, ta fi wadda aka sake wa fenti daraja nesa ba kusa ba, in kuwa tana tare da kwalinta, kuɗin ya ƙara hawa. Amma kada kowa ya fara mafarkin gina soro. Irin safar nan dubbai aka buga, kuma masu tsadar gaske su ne 'yan ƙalilan da ba a yi da yawa ba, waɗanda kuma suka tsufa a cikin kabad ba a hannun yaro ba. Mai sayen da zai fi saurin zuwa ƙofar gidanku shi ne ɗan gwangwan da sikelinsa, shi kuwa kilo yake saye, motar Baba Alhaji ba za ta kai masa dala biyar ba. Ta wannan hanya tasoshin jan ƙarfe na iyayenmu mata da tsofaffin kwanonin jere da fitilun aci-bal-bal suka fice daga garin nan, ba wanda ya rubuta ko sunansu.

Ba mu ce fenti haramun ne ba. In mota ta riga ta ci tsatsa gaba ɗaya, babu sauran zane ko ɗaya a jikinta, to babu abin da za a rufe, mai ita yana iya shafa mata abin da zai tsare ƙarfen. Kayansa ne. Sai dai in ya tashi sayarwa ya faɗa wa mai saye an taɓa ta, don sayar da shafaffe da sunan na asali algus ne, kamar zuba ruwa a nono.

Abin da muka yi wa ta Baba Alhaji kaɗan ne, kuma kowa zai iya. Ba mu kusantar da ruwa ko omo ba. Muka sami burushi mai laushi muka kakkaɓe ƙura, muka bi lungunan da auduga a kan tsinke. Muka ɗiga man keken ɗinki ɗigo biyu a kan haƙoran injin ta ramin makulli, muka shafa ɗan kaɗan a inda tsatsa ta kama ta ƙasa, muka goge wanda ya yi saura don kada ya bi kan zanen. Muka ce kada a sa ta a leda, domin leda na riƙe gumi, kuma danshin da ke tasowa daga fadama da damina ya ishe ta masifa. A naɗe ta a tsumma mai tsabta na auduga, a jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, a ɗora adakar bisa benci. Wanda ya ga ambaliyar 2010 ya san abin da ke samun kayan da aka bari a ƙasa. Kuma kada a bar ta a taga, rana na cin ja kafin sauran launuka. Sannan muka yanki takarda muka rubuta inda aka saye ta da shekarar da ta zo da sunan mai ita, da boko da ajami, muka sa a cikin ƙunshin.

Muna cikin wannan rubutu ne Hajiya, uwargidan Baba Alhaji, ta leƙo ta ce, "Malam, zo ka karɓi fura." Da muka je bakin ɗakinta sai ta rage murya ta ce, "Wurin nan da ya goge a bisa, kada ku sa masa komai. Nan yaron nan yake dafawa in zai tura ta." Ba ta faɗi suna ba, kamar yadda iyayenmu ba sa faɗin sunan ɗan fari. Ta ce dominsa aka saye ta, ita ya rungume tun daga Kumasi har bakin Kwara, kuma bai ga damina ta biyu a Madekali ba, ƙyanda ta ɗauke shi. Abokinmu, da aka haifa shekaru goma bayan haka, ya san yana da wa da ya rasu, amma bai taɓa sanin motar tasa ba ce.

Da muka koma zaure muka roƙi Baba Alhaji izinin murɗa makullin, ya ɗaga kai. Muka murɗa sau uku kawai, a hankali, don tsohon zaren ƙarfen da ke ciki ba ya son a cika shi. Muka ajiye ta bisa tabarma, ta yi ƙara, ta tafi kamar kamu biyu, ta tsaya a gefen buzunsa. Ya ɗauke ta ya mayar cikin ƙyallen da hannunsa.

Ranar kasuwa abokinmu ya tafi Malanbil kamar yadda ya yi niyya, amma wurin mai ƙera mazurari da maburgin gwangwani ya nufa. Aka yi wa yaron kamiyo da gwangwanin madara, aka naɗe bakin ko'ina don kada ya yanka, aka sa mata tayoyin silifa da dogon sitiyari, ba a shafa mata komai ba. Jika ɗaya da rabi ya biya. Mu kuma a lakwal mun ware kabad guda a ajinmu, mun ce wa yara duk wanda ya ga irin waɗannan tsofaffin kaya a gida, na kanti ne ko na hannu, ya nemi izinin iyayensa ya kawo mu rubuta labarinsu mu mayar. Ya zuwa ranar da muka aika da wannan rubutu an kawo guda bakwai, har da wani ɗan jirgin ruwa irin wanda ake kunna wa kyandir ya yi ta fat-fat a cikin daro. Biyu daga cikinsu an riga an shafe su da fenti.